Na sayar masa da gida biya kaɗan-kaɗan, ya tare ya daina biya, in fitar da shi?

Wani dattijo ɗan fansho daga Kano ne ya turo wannan saƙon, na taƙaita shi. Ya ce a farkon 2023 ya sayar wa ɗan wani tsohon abokinsa gidansa na biyu a kan naira miliyan 18. Yaron ya ba da miliyan 8 nan take, aka yi da shi sauran miliyan 10 zai riƙa ba da dubu 500 duk wata har wata 20, aka rubuta a takarda da hannu gaban mai unguwa da shaidu biyu, ya ba shi makulli ya tare da iyalinsa. Ya biya wata 7 sai ya tsaya, yau an fi shekara ɗaya da rabi ko sisi, saura miliyan 6 da rabi. In ya kira shi sai a yi haƙuri kasuwa ta lalace, wani lokacin ma ba ya ɗaga waya, amma kuma ya sa tayil ya fitar da shago a jikin gidan. Takardun gida na asali suna hannun dattijon har yanzu. Dillali ya ce masa akwai wanda zai saya miliyan 35 gobe in an ba shi. Babban ɗansa kuma ya ce a je a canza kwaɗo, a cire ƙofofi, ko a ɗauko 'yan sanda su yi waje da shi. Tambayarsa ita ce zai iya fitar da shi ya sayar wa wani, kuma kuɗin da ya karɓa a lissafa su a matsayin haya?

Baba Allah ya ƙara girma, ya ba da lafiya. Na karanta saƙonka sau biyu kuma wallahi na ji zafin da ke cikinsa, mutum ya gama aikin gwamnati ya ɗauki abin da ya tara ya ba yaro saboda mutuncin ubansa, sannan a wayi gari kai ne kake bin sa da waya kamar mai roƙo. Kana da gaskiya a maganar bashin nan, babu wanda zai ce maka ba ka da ita. Annabi SAW ya ce taurin bashi daga mai hali zalunci ne, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Amma akwai maganganu a nan da ba za su yi maka daɗi ba, kuma gara ka ji su daga gare ni yanzu da ka ji su a bakin alƙali bayan an yi ɓarna.

Kafin komai, dan Allah ka kira ɗanka ka zaunar da shi ka ce kada ya je ƙofar gidan nan. Na taɓa ganin irin wannan da idona a wata unguwa, da damina ne ma, mai gida ya zo da samari huɗu da kafinta da sassafe bayan mijin ya fita, suka ɓalle ƙofar falo suka fara fito da kaya, katifa a jingine jikin katanga ruwa na tsiyaya a kanta, tukunyar tuwon jiya da murfinta a bakin kwata, matar tana tsaye da goyo tana riƙe da hannun ɗan ƙaraminta ba ta ma iya kuka ba. Mai gidan nan shi ake riƙe wa kuɗi, kowa a layin ya sani, amma kafin azahar duk unguwa ta juya masa baya, kuma aka ce an nemi sarƙar matar da kuɗin da ke ƙarƙashin katifa an rasa, to wa zai rantse? Wanda ya zo karɓar haƙƙinsa shi ya koma yana neman mai tsaya masa beli. Garin gyaran gira kenan aka rasa ido.

Kuma ba wai zancen tausayi kaɗai ba ne, doka ce. A Najeriya ba wanda ke da ikon fitar da mutum daga gidan da yake zaune da ƙarfin tsiya sai da hukuncin kotu, ko da kuwa gidan naka ne ɗari bisa ɗari. Gwamnatin soja ta jihar Legas ma da ta tura jami'ai da makamai suka fitar da Ojukwu, tsohon jagoran Biyafara, daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu, Kotun Ƙoli ta yi tir da abin a 1986, to ina ga ni da kai. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta, toshe ruwa, canza kwaɗo, duk abu ɗaya ne a wurin alƙali, kuma yaron zai iya maka ka ya nemi diyya wadda za ta cinye wani kaso na kuɗin da kake bin sa. Batun 'yan sanda kuma, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sashe na 32 ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki ko makamancin haka. Na san ana yi, ana kai mutum caji ofis a tsare shi a ce sai ya rubuta ranar biya, amma wanda aka yi wa haka in ya samu lauya mai kai zai iya shigar da ƙarar take haƙƙi, kuma sunanka zai fito a ciki tare da na 'yan sandan.

To yanzu ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Yaron nan ba ɗan hayarka ba ne Baba. Ɗan haya shi ake ba notis, wa'adi ya cika a ƙara masa kwana bakwai a je kotu a karɓi gida. Wannan mai saye ne, ya biya miliyan 11 da rabi cikin 18, kusan kashi biyu cikin uku kenan, kuma da hannunka ka miƙa masa makulli. In ka je ka shigar da ƙara a matsayin mai gida da ɗan haya, lauyansa takardar nan ta gaban mai unguwa kawai zai ɗaga, a kori ƙarar, ka yi asarar watanni da kuɗin lauya ka dawo inda ka fara. Shari'arku ta ciniki ce, sai an fara warware maganar cinikin sannan ake zuwa ga wa zai zauna a gidan.

A kotunan boko hukunci ya zo ta fuska biyu, shi ya sa nake so ka kai takardar nan wurin lauyan da ya saba da shari'ar filaye ya karanta ta kalma bayan kalma. Kotun Ƙoli a shari'ar Odusoga da Ricketts ta 1997 ta tafi a kan cewa wanda ya biya wani ɓangare ya kasa cikawa, cinikinsa bai kammala ba ko da ya shiga wurin, mai sayarwa yana da hanyar janyewa. A shari'ar Mini Lodge da Ngei ta 2009 kuma ta ce in an biya wani ɓangare to ciniki ya ƙullu, abin da ya rage shi ne biyan ragowa, kowanne ɓangare zai iya neman kotu ta tilasta ɗayan ya cika. Abin da ke karkata shari'a zuwa nan ko can shi ne me aka rubuta, an sa ranar ƙarshe ko ba a sa ba, an faɗi abin da zai faru in an kasa biya ko an yi shiru, an ce "na sayar" ko an ce "zan sayar in ya gama biya", kuma bayan ya fara saɓa lokaci ka yi masa gargaɗi a rubuce ko ka bar abin a baki. Irin takardunmu na unguwa yawanci layi biyar ne a fallen littafin makaranta, ni wane na sayar wa wane gidana da ke wuri kaza a kan kuɗi kaza, gabas ya yi iyaka da wane, Allah ya sa albarka, sai sa hannu da hatimin mai unguwa. Ba wanda yake son ya kawo zancen "in ka kasa fa?" a ranar farin ciki, kunya ke hana mu, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa ta sauka.

Bari in zo wurin da na san shi ne yake ci maka rai ko da ba ka faɗa da baki ba, wato miliyan 35 ɗin nan ta dillali. Kana da dalilin jin ciwo. Lokacin da kuka yi ciniki dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, kafin a je ko'ina a farkon 2024 dala ta haura 1,500, siminti ya ninka, kwano ya ninka. Miliyan 6 da rabi ta yau ba ta sayen rabin abin da za ta saya maka a lokacin da ya kamata a ba ka. Wannan asara ce ta gaske kuma jinkirin yaron ne ya jawo maka ita. Amma ta fuskar shari'ar Musulunci, ranar da kuka ce na sayar na saya aka yi shaidu, gida ya zama nasa, kai kuma kuɗi ya zama naka a wuyansa. Da gidan ya rushe da damina asararsa ce ba taka ba, kuma da ba za ka rage masa ko kwabo ba, to haka da ya yi daraja ribarsa ce. Ƙa'idar kenan da hadisi ya kawo, amfanin abu na wanda asararsa ke kansa ne. Da wannan ƙa'idar ce kuma maganar lissafa kuɗinsa a matsayin haya ba ta tsayuwa, mutum ba ya biyan hayar gidan da ya saya.

Haka nan ba za ka ce tunda ya jinkirta ka ƙara masa miliyan 3 a kai ba, wannan ita ce ribar da aka haramta tsagwaronta, ko ka biya ko in ƙara. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1990 ta yi matsaya a kan ciniki biya kaɗan-kaɗan, ta ce ya halatta, amma ba a ɗora wa mai saye ƙari saboda jinkiri ko an sharɗanta ko ba a sharɗanta ba, ta ce mai sayarwa zai iya sharɗanta cewa in aka saɓa biya sauran kuɗin duka sun zama na nan take, kuma zai iya sharɗanta riƙe abin da ya sayar a matsayin jingina har a gama biyansa. Cinye abin da ya riga ya bayar kuma, ko kafin alƙalami ne ɗan kaɗan malaman Malikiyya ba su yarda a cinye shi in ciniki ya fasa ba, balle miliyan 11 da rabi. Abin da ya halatta shi ne shi da kansa ranar biya, ba da sharaɗi ba, ya ce Baba na cuce ka da jinkiri ga wannan a kai, Annabi SAW ya yi haka ya ce mafi alherin mutane wanda ya fi kyautata biya. Wannan aikin dattawan da za su zauna da shi ne su tuna masa, ba kai za ka yanka masa ba.

Sai kuma ka bincika da gaske, babu ce ko ƙi ne. Aya ta 280 a Baƙara ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu, kuma gaskiya tun 2023 'yan kasuwa da yawa jarinsu ya narke suna kallo. Amma ni tayil ɗin nan da shagon nan sun tsaya min a rai. Wanda yake da kuɗin tayil yana da dubu 100 da zai kawo ya durƙusa ya ce Baba ga abin da ya samu, kuma rashin ɗaga waya ba talauci ba ne, rashin mutunci ne. Sannan mutumin da yake zaune a kan kadarar miliyan 35 ana bin sa 6 da rabi ba a kiran sa wanda ba shi da yadda zai yi, yana da yadda zai yi, bai dai so ba ne. Ka gane wannan sosai domin a nan ƙarfinka yake, ba a kwaɗo ba. Yaron nan in kotu ta warware cinikin ta ce a mayar masa da kuɗinsa ya fita, miliyan 11 da rabi da ɗan abin da ya kashe zai riƙe a hannu, wadda yanzu ko kango mai kyau ba za ta saya masa a unguwar ba. Ranar da ya fahimci cewa da gaske kake kuma ta hanyar doka kake tafe, za ka sha mamakin inda kuɗi za su fito, 'yan uwa, surukai, mota, filin da ba ka san da shi ba.

Dillalin nan kuma ka ce ya dakata, shi la'adarsa yake hange, in rigima ta tashi ba za ka gan shi ba. Kada ka karɓi ko naira ɗaya daga hannun mai saye na biyu, kada ka nuna masa takardu. Sayar da gida ɗaya ga mutum biyu shi ne yake juya maganar bashi ta koma tuhumar zamba, ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake ƙara daga ɓangare biyu, a shekarunka ba ka buƙatar wannan.

Abin da za ka yi shi ne ka tattara komai wuri ɗaya, takardar cinikin ka yi mata hoto da kwafi ka adana ta asali, ka je banki a fitar maka da bayanan asusunka da ke nuna duk taransifa da ya yi da ranakunsu, saƙonnin waya da na WhatsApp da yake cewa a yi haƙuri zai biya kada ka goge ko ɗaya domin amsa bashi ne da bakinsa, shaidun nan biyu da mai unguwa ka je ka gaishe su ka tuna musu tun suna raye suna da lafiya. Takardun gida kuma su ne igiyar da ke hannunka, kada ka ba shi ko da zai ce banki zai kai ya karɓo rance ya biya ka, in da gaske ne bankin ya zauna da lauyanka a tsara yadda kuɗin zai shigo asusunka kai tsaye. In gidan mai C of O ne, wato takardar shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa, dama Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sashe na 22 ta ce ba a mayar da mallaka ga wani sai da amincewar gwamna, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da sa hannunka, to kada hannun nan ya hau kowace takarda sai ka ga alat na ƙarshe.

Daga nan lauya ya rubuta masa wasiƙa, ba ta zagi ba, a faɗi abin da aka yi, abin da ya biya, abin da ya rage, a ba shi wa'adi mai ma'ana kamar wata biyu ko uku, a ce in ya wuce za ka nemi kotu ta karɓar maka kuɗinka ko ta warware cinikin. A kai masa hannu da hannu ya sa hannu ya karɓa. In ya turo wani ɗan abu bayan wasiƙar kada ka yi shiru ka karɓa kawai, ka sanar da lauya, saboda karɓa ba tare da magana ba ana iya fassara shi da cewa ka yafe wa'adin.

A cikin wa'adin nan ne za a yi zaman sulhu, kuma ni nan na fi so maganar ta ƙare. Ka sa a kira mahaifinsa in yana raye ko wani babba a danginsu, da mai unguwa da limami. Ko dai a sake tsara biya da abin da zai iya na gaskiya, da wani mai mutunci da zai tsaya masa wanda in ya saɓa shi za a bi, a rubuta cewa gidan jingina ne kuma saɓa wata biyu a jere ya sa sauran duka sun wajaba, kuɗin hayar shagon nan ma a ce kai tsaye wurinka zai riƙa zuwa ana ragewa daga bashin. Ko kuma ku haɗu ku sayar wa mai miliyan 35 ɗin tare, a zauna wuri ɗaya, a cire naka a ba ka a take, ya ɗauki sauran ya nemi daidai ƙarfinsa. Ko kuma in shi ya yarda a warware ciniki, ka mayar masa da kuɗinsa a ƙiyasta gyaran da ya yi, a ba shi wata biyu ko uku ya nemi inda zai kai iyalinsa. Wannan na ƙarshen in za a rage wani abu ko a mayar da kuɗin a hankali, ku sa malamin da ya san babin ciniki a zaman, Malikiyya suna da tsanani a kan mutum ya sayar da abu bashi sannan ya dawo da shi a wani farashin daban. Duk abin da aka cimma kada ya tsaya a zauren mai unguwa kamar na farko, a kai shi kotu ya zama hukunci. A Kano akwai cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha da ke aiki tun 2009, yarjejeniyar da aka yi a can alƙali yana sa mata hannu ta zama ana iya zartar da ita, in ya sake saɓawa ba sabuwar shari'a za ka fara ba.

In duk wannan ya ƙi, sai kotu, kuma ka bar lauya ya zaɓi wacce, domin gidan da ke da C of O sashe na 39 na dokar 1978 babbar kotun jiha ya ba hurumin shari'ar mallakarsa, mutane da yawa sun yi shekaru a kotun da ba ta da hurumi sun ci nasara aka rushe a ɗaukaka ƙara. Ka shirya wa cewa ba abin wata ɗaya ko biyu ba ne. In hukunci ya fito cewa ya fita, ma'aikatan kotu ne za su je su zartar da rakiyar 'yan sanda, ba kai ba, ba ɗanka ba, ni da zan so ma ranar kada ka je wurin.

Abu ɗaya da ya sa ba na so ka ƙara wata shida kana jira, rai a hannun Allah yake. A mazhabar Malikiyya in alƙali ya tabbatar mai saye ya karye bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, mai sayarwa da ya tarar da kayansa yana da damar ya mayar da abin da ya karɓa ya ɗauki abinsa, amma in mai sayen mutuwa ya yi to ka zama ɗaya daga cikin masu bin bashi kawai, kuma a lokacin da matarsa da marayu za ka yi magana. In kuma kai ne ta Allah ta kasance a kanka, ka bar wa 'ya'yanka rigima da takarda mai layi biyar, ga kuma ɗanka da ransa ya riga ya ɓaci. Ka sa shi ya raka ka wurin lauyan cikin satin nan ya ji bayanin da kunnensa, kuma in an tashi kai wasiƙar a ba wani daban ya kai, kada a ba shi.